Babi na Huɗu: Tudu, Firki da Fadama

Mutumin da idonsa ya saba da karkarar Kano, inda gona ke manne da gona kuma gari ke hango gari, idan ya bar Maiduguri ya kama hanyar Dikwa ko ta Monguno a shekarun da hanyoyin nan suke lafiya, abin da zai fara ɗaure masa kai shi ne yadda ƙauyuka suke a warwatse. Gida ashirin a kan ɗan tudu, sai fili fetal har iyakar gani, sai wasu bukkoki a gindin aduwa, sai kuma wani filin. Masu mulki ba su cika son irin wannan zama ba, kuma suna da hujjarsu. Yana wahalar da mai karɓar haraji, yana wahalar da mai gina makaranta da asibiti, yau kuma yana wahalar da soja. Sai dai warwatsuwar nan ita ce dabarar noman mutumin Borno. Ya rayu a ƙasar da ruwan samanta ba shi da alkawari ne saboda bai yarda ya rataya cin gidansa a kan gona ɗaya, ko damina ɗaya, ko wuri ɗaya ba. Duk shirin da ya zo ya tattara shi a wuri guda, ko da da kyakkyawar niyya ne, wannan dabarar yake fara karyawa, kuma har yanzu ba a ba shi abin da zai maye gurbinta ba.

A fara da ruwa da ƙasa. Daminar Maiduguri gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma abin da take zubarwa a shekara bai cika wuce milimita 600 ba. Matsalar ma ba ta tsaya a ƙarancin ba. Ruwan na iya sauka a yi shuka, ya ɗauke na mako uku, shukar ta ƙone. Yana iya jiƙa wannan ƙauye ya tsallake maƙwabcinsa. Amma Allah da ikonsa, ƙasar da ke kewaye da birnin ba iri ɗaya ba ce. Yamma da arewa, wajen Magumeri da Gubio, jigawa ce mai yashi, ƙasar gero da wake da gyaɗa, wadda ruwa kaɗan ke isarta. Gabas, wajen Dikwa da Marte da Ngala, baƙar laka ce da ake kira firki, wadda ke cika da ruwa da damina har mota ba ta iya ratsa ta, da rani kuma ta bushe ta tsattsage. A bakin birnin kuma ga fadamar Jere, inda kogin Ngadda, bayan ya ratsa tsakiyar Maiduguri, yake bajewa ya shayar da shinkafa. Kowace ƙasa da lokacinta: a girbe gero a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, a yanki shinkafa a Nuwamba, a girbe dawar firki a Janairu da Fabrairu, lambu kuma ya ja har cikin bazara. Ba kowane gida ne yake da gona a dukkan ukun ba. Amma da wuya a sami gidan da bai da ƙafa a biyu, ko ta gado, ko ta aro, ko ta surukuta, ko ta ƙwadago. Shekarar da fari ya kashe gero, ana duban firki. Shekarar da ruwa ya yi yawa ya ci shinkafa, a nan ne firki ke ƙoshi.

Dawar firkin nan, wato masakwa, ta cancanci a tsaya a kanta, domin a cikinta ake ganin zurfin sanin da ake rainawa. Tun kafin damina ta kankama manomi zai kewaye gonarsa da 'yan ƙananan ganuwoyi na laka waɗanda tsayinsu bai kai gwiwa ba, don su tare ruwan sama ya kwanta ya nutse cikin ƙasa maimakon ya gudu. Wajen watan Agusta sai ya yafa iri a wani ɗan fili mai tudu, ya rene shi. Da ruwa ya fara janyewa, a ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, sai a sare ciyawar da ta tsiro a gonar, a bar ta ta bushe, a cinna mata wuta. Daga nan sai dashe. Mutum ɗaya yana gaba da ƙaton sanda mai tsini, yana ɗaga shi da hannu biyu yana caka wa laka, yana barin rami mai zurfi. Na bayansa yana zuba ɗan ruwa a ramin, na uku yana saka dashe biyu da aka datse musu ganye da saiwa. Shi ke nan. Daga ranar ba za a ƙara yi mata ban ruwa ba, kuma ba ta jiran ɗigon ruwan sama. Laimar da lakar ta riƙe ita za ta bi da saiwarta har ta nuna cikin hunturu, lokacin da duk wata gona ta zama kara. Abokan gabarta tsuntsayen jan-baki ne da fara, da kuma jinkiri. Idan aka yi dashe da wuri ruwa ya kashe ta, idan aka makara lakar ta ƙeƙashe. Tsakanin biyun 'yan makonni ne, kuma ranar ba ɗaya ba ce daga gona zuwa gona. Wanda zai gane ta sai wanda yake kwana kusa da gonar, yana taka ta kullum da ƙafarsa. Shi ya sa ƙauyukan firki suke ƙanana, kowanne a kan tudunsa a tsakiyar lakarsa.

Zaman nan ba na jiya ba ne. A Daima, kusa da Ngala, mai binciken kayan tarihi Graham Connah ya haƙa wani tsibi a shekarun 1960 wanda tsayinsa ya haura mita 10, kuma duk tarin kufai ne, gida a kan gida, na mutanen da suka shafe fiye da shekara dubu suna zaune a wuri guda a tsakiyar firki. A saman tsibin an sami ƙonanniyar ƙwayar dawa. A Gajiganna, kan hanyar Monguno, masu bincike daga jami'o'in Frankfurt da Maiduguri sun tono matsugunan da suka haura shekara 3,000, da sawun gero a jikin tukwanensu. A tsawon wannan zamani mutane suka gina wa kansu hanyoyin rarraba hasara waɗanda suka wuce gona. Hatsi a rami ake binne shi a wurare da yawa na Borno, a shimfiɗa masa ƙaiƙayi a rufe, ya tsira daga gobara da idon ɓarawo. Larabawan Shuwa da Fulani suna shigo da shanu su ci kara bayan girbi su bar taki, nono ya koma hatsi, hatsi ya koma nono. Da kaka ana fitar da zakka, ushiri ga abin da ruwan sama ya shayar, rabin ushiri ga abin da aka sha wahalar ban ruwansa, kuma kaso mai tsoka yana tafiya tsangaya, inda almajiran da suka zo neman Alƙur'ani daga ƙasar Hausa, waɗanda a gida ake cewa sun tafi gabas, suke noma da rana su yi karatu da dare a gefen wuta. Shi kansa gidan a rarrabe yake da gangan: ɗa ɗaya yana su a Tafkin Chadi, ɗaya yana dako a kasuwa a Yerwa, wato Maiduguri, 'ya tana aure a ƙauyen da ƙasarsa ta bambanta da tasu. Har siyasar ƙauyen a kan wannan ta ginu. Da yake ƙasa tana da yalwa, mutane ne dukiyar Bulama, wato mai ƙauye, kuma idan shi ko Lawan da ke sama da shi ya matsa, talaka yana da makami guda: ya kwashe iyalinsa ya koma gaba.

An taɓa gwada wannan tsari da kishiyarsa a fili guda, a zamani guda, kuma sakamakon yana nan a rubuce a ƙasa. A 1973 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, aka tsara babban shirin noman rani na Kudancin Chadi a ƙasar Marte, hekta 67,000 na alkama da shinkafa. Aka haƙa doguwar hanyar ruwa daga tafki, aka kafa manyan injinan tura ruwa a Kirenowa, aka gina sabon gari, aka share firkin da mutane ke dasa masakwa aka yanka shi fegi-fegi. An buɗe shi a 1979. Lissafin injiniyoyin ya dogara ne da cikar tafkin a shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Amma farin 1973 ya riga ya raba tafkin biyu, na 1984 kuma ya ja shi nesa da bakin hanyar ruwan. Injinan suka tsaya, kuma ko a shekarunsa na albarka shirin bai noma sai ɗan kaso na abin da aka tsara ba. Ba laifin injiniya ɗaya ba ne, kuma ba wanda ya san gaibu. Kuskuren yana cikin ginin kansa: an rataya dubban gidaje a kan baki ɗaya na ruwa, a gaɓar tafkin da tarihinsa kaf cika ne da janyewa.

A daidai waɗannan shekaru manoma suka yi abin da suka saba. Da tafkin ya janye ya bar ƙasa mai laima da taki, sai suka bi shi. Kanuri da Shuwa da Hausawa daga Sakkwato da Katsina da Haɗeja, har da baƙi daga Nijar da Mali, suka kafa garuruwa a cikin abin da dā ruwa ne: Doron Baga, Tumbun Gini, Dogon Cuku da ire-irensu. Idan ruwa ya taso a yi su, idan ya koma a bi sawunsa da masara da wake. Babu hukumar da ta tsara wannan, babu bashin da aka ciyo saboda shi, amma daga nan manyan motoci suka riƙa lodin wake da masara da bandar kifi zuwa Maiduguri, daga can su wuce Kudu. Fari ɗaya ne ya kashe shirin Marte ya kuma raya Doron Baga.

Mai karatu na iya cewa wannan yabon talauci ne, irin na ɗan birnin da bai taɓa kwana inda asibiti ya yi tafiyar wuni ba. Maganar tana da nauyi, kuma bai kamata a kauce mata ba. Ƙauyen Borno ba aljanna ba ne. Mace na mutuwa a kan amalanke a hanyar haihuwa. Yaro na girma bai ga allon boko ba. Talaka na sayar da hatsinsa da arha da kaka don biyan bashi, ya dawo ya saye shi da tsada a tsakiyar damina. Polly Hill, a binciken da ta yi a Batagarawa ta ƙasar Katsina wanda ya fito a 1972, ta rushe tunanin cewa mutanen ƙauye duk ɗaya suke: akwai mai rumbu cike, akwai wanda yake barin gonarsa ya yi wa wani ƙwadago a lokacin da ta fi bukatarsa, kuma babu dalilin ɗaukar cewa Borno ta bambanta. Tsarin ma yana karyewa idan fari ya haɗa ƙasashen uku a lokaci guda, kamar yunwar 1914 da ta 1973. Duk wannan gaskiya ne. Amma abin da tsarin ya yi alkawari ba arziki ba ne, kariya ce daga rasa komai a rana ɗaya, kuma wannan alkawarin ya fi cika shi fiye da duk wani shiri da aka kawo. Ƙarancin asibiti da makaranta hujja ce ta kai hanya da burtsatse da ungozoma inda mutane suke, ko a ajiye su a garin kasuwar mako inda kowa ke zuwa. Ba ta zama hujjar raba mutum da gonarsa don ya kusanci ginin asibiti ba.

Abin da fari bai yi ba yaƙi ya yi shi. Bayan rikicin Yuli na 2009 da bazuwar Boko Haram cikin karkara, musamman daga 2013 zuwa 2015, ƙauyuka suka watse gaba ɗaya. Maiduguri ta cika ta batse, sansanoni irin su Bakassi da Dalori da Muna suka zama garuruwa. Da sojoji suka ƙwato hedkwatocin ƙananan hukumomi, sai aka tara mutanen ƙauye a cikinsu, a Bama da Dikwa da Monguno da Ngala, aka kewaye kowanne da rami, aka sa ƙofa. A 2019 rundunar soja ta ƙara janye ƙananan sansanoninta ta haɗe su a manya. Noma ya koma 'yan kilomitoci kaɗan a bayan rami, a fita da safe a dawo kafin a rufe. A wurare da yawa an hana shuka amfanin gona mai tsayi, wato gero da dawa da masara, don kada mahara su fake a ciki. An taƙaita safarar takin zamani saboda ana haɗa bam da shi, an hana babur, an rufe cinikin kifin Baga na tsawon lokaci. Kowane mataki da dalilinsa. Amma idan aka haɗa su, sai a ga an ɗauki mutumin da ke da gona biyu da shanu da dangi a wurare uku, an mayar da shi mai katin karɓar abinci, wanda sana'ar da ta rage masa ita ce itace da gawayi da tsintar ƙarafa a dajin da ya fi gonarsa haɗari.

Nan ne hujja mafi ƙarfi ta masu son tattarawa take, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa babu rundunar da za ta iya gadin kowane gida ashirin, kuma ƙauyen da ba a gadinsa rumbun 'yan bindiga ne, su ci hatsinsa su kwashi samarinsa. Haka ne. Amma a dubi abin da ya faru a Koshebe ranar 28 ga Nuwamba, 2020, inda aka yi wa masu yankan shinkafa yankan rago, washegari aka binne 43 a Zabarmari, Gwamna Babagana Zulum yana wurin. Mutanen nan ba a wani lungu mai nisa suke zaune ba. Daga gari suka fita, garin da ke bakin Maiduguri. Rami yana tsare mutum da dare, amma abinci a waje yake, kuma yunwa za ta fitar da shi da rana, a hanyar da kowa ya sani, a lokacin da kowa ya sani. Kakakin shugaban ƙasa na lokacin, Garba Shehu, ya ce manoman ba su sami izinin soja ba kafin su shiga gonakin. Ko da haka ne, shinkafar da ta nuna ba ta jiran izini, zubewa take yi. Sannan ƙasar da gwamnati ta janye daga cikinta ba ta zama kango ba. Ɓangaren Boko Haram da ake kira ISWAP ya gane abin da hukuma ta yi sakaci da shi, ya buɗe wa manoma da masunta fili yana karɓar haraji, kuma mai shiga wannan ciniki da ransa yake caca, kamar yadda kisan manoma aƙalla 40 a Dumba kusa da Baga a Janairun 2025 ya nuna. Ba wanda zai ce a buɗe ƙofa gobe kowa ya koma tudunsa. Abin da ake cewa shi ne a canza ma'auni. Nasarar tsaro a Borno ba a yawan garuruwan da ke hannun gwamnati za a auna ta ba, a nisan da manomi zai iya yi ya kwana a gonarsa lokacin dashe za a auna ta. Rakiyar da jami'an tsaro da 'yan kato-da-gora ke yi wa manoma amincewa ce da wannan, ko da ba a furta ba.

Gwamnatin jihar ta fara rufe sansanonin cikin Maiduguri a 2021, tana mayar da mutane yankunansu da kuɗin jari da sababbin gidaje. Ngarannam a ƙaramar hukumar Mafa, wanda aka sake ginawa da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya aka buɗe a 2022, shi ne abin nunawa, da makaranta da kasuwa da ofishin 'yan sanda. Manufar daidai take, domin zaman sansani yana cin mutuncin mutum. Amma gini shi ne mafi sauƙi a cikin abin da aka rasa. Bayan shekara goma gonar firki ta zama daji, ganuwoyinta sun baje, dattawan da suka san iyaka wasu sun rasu, Bulama yana haya a Maiduguri. Irin masakwar da kowane gida ke adanawa, wanda ya dace da lakarsa, an cinye shi a gudun hijira. Shanu sun tafi. Akwai samari 'yan shekara ashirin da ba su taɓa riƙe sandan dashe ba. Galibi kuma ba ƙauyensu aka mayar da su ba, hedkwatar ƙaramar hukuma ce, wato daga wannan rami zuwa wancan. Wasu na cewa ai matasan ma ba sa son komawa, sun saba da Keke Napep da cajin waya. Da yawa ba za su koma ba, kuma babu aibi a ciki, domin ƙafa ɗaya a birni tsohuwar al'ada ce ta gidan Borno. Aibin shi ne ta zama ita kaɗai ce ƙafar.

Saura masu cewa jama'a ta yi yawa, masakwa da geron damina ba za su ciyar da miliyoyi ba, dole a yi noman rani na zamani. Dole ne kuwa, kuma Gwamna Zulum da kansa farfesa ne a wannan fanni. Tambayar ita ce wane iri. Ƙaramin injin ban ruwa da rijiyar tiyo da suka yaɗu a fadamun Arewa tun shirin Fadama na shekarun 1990, da masu aiki da hasken rana na yanzu, sun shiga tsarin manomi ba tare da sun rushe shi ba: sun ƙara masa girbi na huɗu, kuma idan na wani ya lalace na maƙwabcinsa yana aiki. Madatsar Alau, wadda aka gama a 1986, ita ce ɗaya fuskar. Ta shayar da birnin, ta raya masu lambu a gefenta, ba a musun wannan. Amma bango ɗaya ce, kuma da ta ɓalle a daren 9 ga Satumba wayewar 10, 2024, shekara 30 bayan ambaliyar 1994, ruwa ya shiga fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa da Kasuwar Monday, ya raba dubban ɗaruruwa da gidajensu, ya kwanta a kan shinkafar Jere tun kafin a yanka. A tsohon lissafi, irin wannan shekara ce firki ke ramawa, kuma lokacin ambaliyar ya zo daidai da shirin dashe. Amma firki mafi kyau yana Marte da Dikwa da Ngala, mafi yawansa a bayan rami. A watan Mayun 2025 aka sake kai wa Marte hari, dubban mutanen da aka mayar suka tsere zuwa Dikwa, a daidai lokacin gyaran ganuwoyin gona. Wanda bai samu komawa ya yafa iri a Agusta ba, ba shi da dashe a Oktoba, kuma ramin hatsinsa zai kai Fabrairu babu abin zubawa.